Fashin Baƙi: Inda Gizo Ke Saƙa a Jimlar Turanci

Me ya sa yaro zai yi shekara 12 yana zaman aji, shida a firamare shida a sakandare, kusan kullum sai an yi masa darasin Turanci, amma ya fito ya kasa rubuta wasiƙar neman aiki mai layi biyar ba tare da tuntuɓe a kowane layi ba? Laifin malamai ne, ko na gwamnati, ko kuwa Hausar da yake yi a gida ce ta tare masa hanya?

Tambayar tsohuwa ce, amma shekarar 2025 ta sake rura ta. A watan Agusta hukumar WAEC ta fitar da sakamakon jarrabawar kammala sakandare, ta ce kashi 38 da 'yan kai cikin 100 ne kaɗai suka samu kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Hankalin iyaye ya tashi. Bayan 'yan kwanaki hukumar ta dawo ta ce an yi kuskure wajen duba takardar Turanci ta zaɓin amsa, adadin ya koma kusan kashi 63. Ƙura ba ta gama lafawa ba sai ga ministan ilimi, Dakta Tunji Alausa, a watan Nuwamba, ya sanar da soke tsarin koyar da 'yan firamare da harshen uwa, wanda aka amince da shi a 2022 zamanin tsohon ministan ilimi Malam Adamu Adamu. Ya ce Turanci ne zai zama harshen koyarwa tun daga ajin farko, hujjarsa kuwa yawan faɗuwa jarrabawa a yankunan da suka fi rungumar harshen uwa.

An yi ta cacar baka a rediyo da Facebook. Sai dai da wuya ka ji wanda ya tsaya ya buɗe takardar yaron ya duba irin kurakuran da yake yi. Duk wanda ya yi haka zai ga kurakuran 'yan ƙalilan ne, su ne suke ta maimaita kansu, kuma kusan kowannensu ya samo asali ne daga wurin da tsarin Hausa ya saɓa da na Turanci. Cutar da aka san asalinta kuwa ba ta wuyar magani.

Nahawu ba manyan kalmomi ba ne

A ƙasar nan idan aka ce wane ya iya Turanci, galibi ana nufin yana zubo kalmomi masu nauyi waɗanda sai an buɗe ƙamus. Wannan fahimta ta cuci ɗalibai da yawa. Yaro ya kwana yana haddar dogayen kalmomi, gari ya waye ya jera su cikin jimlar da ba ta tsaya da ƙafarta ba.

Nahawu shi ne ƙa'idar jera kalmomi da sauya siffarsu domin su ba da ma'ana, kuma kowane harshe yana da nasa. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ba za ta ce “yarinya ya tafi” ba, ba za ta ce “gobe na je kasuwa” ba. Ta san nahawun harshenta tsaf, sunayen dokokin ne kawai ba ta sani ba. Alamomin rubutu kuwa, su aya da waƙafi, suna yi wa takarda aikin da murya take yi wa magana: tsayawa, numfasawa, tambaya.

Yadda ake raba makin insha'i a WAEC ya isa hujja. Maki 50 ne: 10 na abin da ɗalibi ya faɗa, 10 na tsara shi, 20 na iya bayyana shi, sai 10 na tsabtar rubutu, wato nahawu da alamomi da rubuta kalma daidai. A wannan kashi na ƙarshe kowane kuskure rabin maki yake ci. Kuskure 20 cikin insha'i mai kalma 450, makin nan 10 sun tafi kaf, kuma wanda ya yi kuskure haka da wuya ya tsira da wani abin kirki a makin bayyana magana. Ba maki ko ɗaya da aka ware wa tsawon kalma.

Me ke tsayar da jimla?

Jimlar Turanci kamar murhu take, a kan duwatsu uku take zaune: aikau, wato wanda ake magana a kansa, aikatau, wato aikin, sai cikakkiyar ma'ana. Aka zare ɗaya, tukunya ta kife.

A nan Bahaushe ya shigo da sa'a, domin jerin kalmominsa iri ɗaya ne da na Bature: mai aiki, aiki, sannan abin da aikin ya faɗa wa. “Audu ya sayi doki” shi ne “Audu bought a horse”, kalma na bin kalma. Wanda ya yi karatun Larabci ya san a can sau da yawa aikatau ne ke fara zuwa. Ba wannan wahala tsakanin Hausa da Turanci.

Amma a duba tsakanin “Audu” da “sayi”. Akwai wata 'yar kalma, “ya”. Malaman nahawun Hausa suna kiran ta zagin aikatau, saboda kullum tana gabansa kamar zagin sarki, kuma ba a raba su: “Audu sayi doki” ba Hausa ba ce. Turanci ba shi da wannan zagi. Yaron da ke tunani da Hausa sai ya ji jimlarsa ta yi giɓi, ya cike da “he”, ya rubuta “My father he is a farmer”. Ba daƙiƙanci ba ne, biyayya ce ga dokar harshensa a inda ba ta aiki. Abin da za a gaya masa layi ɗaya ne: in suna ya zo, wakilin suna ya koma gefe. “My father is a farmer.”

Kishiyar wannan kuma ita ce jefar da aikau gaba ɗaya. “Am fine”, “Am coming”, “Is true” sun cika saƙonnin waya har wasu sun ɗauka daidai ne. Turanci ba ya barin kujerar aikau babu kowa. Ko ruwan sama ake yi, da Bahaushe zai ce “ana ruwa”, sai Bature ya ce “It is raining”, alhali “it” ɗin ba ya nufin komai, kujerar kawai yake riƙe da ita. Haka kuma ba ya barin jimla ba aikatau. “Audu malami ne” ta cika a Hausa ba tare da wani aiki ba, amma a Turanci dole “is” ta shigo tsakiya.

Dutse na uku shi ne cikar ma'ana. In wani ya ce maka “saboda ba ni da lafiya” ya yi shiru, za ka tsaya kana jiran sauran. Wannan ita ce ganga dogarau, ba ta iya tsayuwa sai ta jingina da ganga tsayayyiya, wato maganar da ta cika da kanta. Duk abin da ya fara da “because”, “although”, “when” ko “if” irinta ne, saboda haka “Because I was sick.” da aya a ƙarshenta rabin magana ce. Akwai kuma wani tarko a nan. Mu muna cewa “ko da yake ya gaji, amma ya zo”, kuma ba laifi. Turanci ɗaya yake ɗauka, ko “although” ko “but”, ba ya haɗa su: “Although he was tired, he came.”

Harafi ɗaya mai fuska biyu

In da za a ƙidaya makin da 'ya'yanmu suke asara harafi-harafi, ina kyautata zaton “s” ne zai zo kan gaba.

Rikicinsa shi ne yana aiki biyu masu karo da juna. A jikin suna yana nufin jam'i: “boy” yaro, “boys” yara. A jikin aikatau kuwa yana nufin tilo: “The boy plays”, amma “The boys play”. Yaron da aka koya wa cewa “s” alamar yawa ce zai ga ya fi dacewa a ce “The boys plays”, kuma ta fuskar hankali ba a ga laifinsa ba. Dabarar da take taimakawa ita ce a lura galibi “s” a wuri ɗaya yake sauka, ko a kan suna ko a kan aikatau, ba duka biyu ba. Kuma wannan “s” na aikatau na “he”, “she”, “it” ne kaɗai da sunan da za su iya wakilta. “I” da “you” ba su ɗaukarsa.

Inda abin ya fi tsauri shi ne idan aikau ya yi tsawo. “The price of tomatoes is high.” Ɗalibi ya ga “tomatoes” kusa da aikatau, sai ya sa “are”. To a tambaye shi da Hausa: me ya tashi, tumatir ko farashi? Zai ce farashi. Shi ke nan, “is”. Haka “One of my friends is a nurse”: ɗaya daga cikin abokaina, abokan da yawa, amma a kan ɗaya ake magana. “Everybody is here” ma ta yi daidai da “kowa ya zo”, ba mai cewa “kowa sun zo”. A duk waɗannan Hausa ce take warware matsalar cikin daƙiƙa, in an bar ta ta shigo aji.

Akwai kuma inda take kai mutum ta baro. Muna cewa “kuɗin ba su isa ba”, amma kuɗi a Turanci tilo ne: “The money is not enough.” Muna cewa “shekara goma”, “buhu biyar”, “mota biyu”, mu bar sunan a tilonsa tunda adadi ya riga ya yi bayani. Turanci ba ya yarda: “ten years”, “five bags”, “two cars”.

Wani dalilin kuma daga baki yake, ba daga ka ba. Hausa ba ta son cunkoson baƙaƙe a ƙarshen kalma, shi ya sa da muka aro kalmomi muka ƙara musu wasali: benci, bokiti, teburi. Harshen da ya saba da haka yakan haɗiye ƙarshen kalmomi irin su “asked” da “months” da “wants”. Abin da baki bai furta ba, kunne bai ji ba, hannu ba zai rubuta ba. Malamin da yake sa yara su karanta da ƙarfi suna fitar da ƙarshen kowace kalma, nahawu yake koyarwa ko bai ambaci sunansa ba.

Lokaci: a ina alamarsa take?

A Hausa aikatau yakan zauna yadda yake, zagi ne ke sauyawa: ya ci, yana ci, zai ci, yakan ci. A Turanci aikatau ɗin kansa ne ke sauya riga: “eat”, “ate”, “eaten”. Mafi yawansu “-ed” kawai ake liƙa musu su koma shuɗaɗɗen lokaci, amma akwai wajen 200 da ba sa bin wannan hanya, kuma su ne aka fi amfani da su: “go”, “see”, “take”, “buy”, “come”. Waɗannan ba su da wata dabara sai hadda, kuma yaron da ya haddace izu ba za su gagare shi ba.

Doka mai sauƙi da ake yawan karyawa: sau ɗaya ake sa alamar shuɗewa. In “did” ta shigo ta riga ta ɗauki nauyin, aikatau ya koma asalinsa. “Did you go?” ba “Did you went?” ba. “I did not see him.” Haka yake bayan “will”, “can”, “must” da “to”.

Sai kuma “ina” da “yana” namu, waɗanda suke aiki mai faɗi. Yaro ya koyi cewa “ina cin abinci” shi ne “I am eating”, sai ya riƙa fassara kowane “ina” da “I am” da “-ing”. Daga nan “I am having a car” ta fito, da “I am hearing you”, da “He is going to the farm every day”. Mallaka da ji da sani da fahimta ba su cika ɗaukar “-ing” ba: “I have a car”, “I can hear you”. Abin da aka saba yi kullum kuwa, wanda Hausa take da “yakan” dominsa, shi ne “He goes”.

“Tun” ma tana da nata. “Ina jiran ka tun safe” aiki ne da ya faro a baya yana nan har yanzu, kuma Turanci ya ware masa siga ta musamman: “I have been waiting for you since morning.” Ana sa “since” in an ambaci lokacin farawa, “for” in an ambaci tsawon lokacin: “since Monday”, “for three days”. In kuwa an ambaci lokacin da ya wuce ya ƙare, kamar jiya ko bara, “have” ba ta da wurin zama: “I saw him yesterday.”

A wajen ba da labari ne aka fi zubar da maki. Mai ba da labari da Hausa zai ce “wata rana” sau ɗaya, sannan ya ci gaba da “sai ya tashi, sai ya tafi”. Ɗalibi ya fara insha'insa da “went” da “saw”, kafin sakin layi na biyu ya zame ya koma “go” da “see”. A Turanci kowane aikatau sai ya ɗauki alamarsa har ƙarshen labari.

“A”, “an” da “the”

Ana yawan cewa Hausa ba ta da irin waɗannan. Tana da su, a wani wuri ta ajiye su. “Wani yaro ya zo” shi ne “A boy came”, yaron da ba a sani ba tukuna. “Yaron ya zo” shi ne “The boy came”, wanda ni da kai muka riga muka san da zancensa. Wannan “-n” na “yaron” da “-r” na “motar” kusan aikin “the” suke yi.

Bambancin shi ne Hausa tana barin suna tsirararsa, “na sayi mota”, “ni ɗalibi ne”, Turanci kuwa ba ya barin sunan abu guda da ake ƙirgawa ya tsaya haka: “I bought a car”, “I am a student”. Zaɓi tsakanin “a” da “an” kuma kunne ne ke yin sa, ba ido ba. Ana cewa “an hour” don ba a furta “h” ɗin, ana cewa “a university” don da sautin “yu” ta fara.

Akwai sunayen da Bature ba ya ƙirgawa alhali mu muna ƙirga su. Muna da shawarwari da bayanai da kayayyaki, amma “advice”, “information”, “equipment”, “furniture” da “luggage” ba su ɗaukar “s”, ba su ɗaukar “a”. Ko a takardun ofisoshi ana cin karo da “equipments”.

Sauran ƙananan abubuwa ba sai an daɗe a kansu ba. “A” ɗinmu ta Hausa, irin ta “a ranar Litinin”, guda ɗaya ce amma a Turanci ta rabu uku: “at four o'clock”, “on Monday”, “in March”. “Ya fi ni tsawo” shi ne “He is taller than me”, kuma ba a haɗa “more” da “better”. “Ara mini” shi ne “lend me”, mai karɓa ne yake “borrow”. In aka tambaye ka “Haven't you eaten?” ba ka ci ba, amsar “No” ce, ko da yake da Hausa “e, ban ci ba” za ka ce. A wuri ɗaya kuwa mun fi maƙwabtanmu sauƙi: tunda muna da “shi” da “ita”, “he” da “she” ba su cika rikita Bahaushe ba, saɓanin masu harsunan da wakilin sunansu ɗaya ne ga mace da namiji, kamar Yarbanci da Ibo.

Aya da waƙafi

Kuskuren alama da ya fi kowanne yawa shi ne sa waƙafi a wurin aya. Mutum ya rubuta sakin layi guda, magana bayan magana, waƙafi ne kawai ke raba su har ƙasa. Ƙa'idar ita ce ganga tsayayyiya biyu ba su haɗuwa da waƙafi shi kaɗai. Ko a sa aya a fara sabuwar jimla, ko a sa mahaɗi irin “and”, “but”, “so” bayan waƙafin.

Ga irin layin da masu ɗaukar ma'aikata suke gani kullum:

“am writing to applied for the post of driver, i have five year experience, i am having my licence since 2019”

Ba kalma ɗaya mai wuya a ciki, amma kuskure tara ne. An jefar da “I” na farko. An sa “applied” bayan “to”. Waƙafi biyu sun zauna a wurin da ba nasu ba. An rubuta “i” da ƙaramin baƙi sau biyu. “Year” ba ta ɗauki jam'inta ba. “Am having” ta shiga wurin “have had”. Ba aya a ƙarshe. In aka gyara sai ya zama: “I am writing to apply for the post of driver. I have five years' experience, and I have had my licence since 2019.” Mai yiwuwa wannan mutum ya fi duk masu neman aikin iya tuƙi, amma wanda ke tace takardu ba a mota yake ganin sa ba. Abin yana da ciwo.

Waƙafi kuma yana sauya ma'ana, ba ado ba ne. “I know Musa” na san Musa ke nan. “I know, Musa” kuwa da Musan kake magana, kana ce masa ka sani. Ga wanda ya fi wannan. “My wife, who lives in Kano, is a teacher.” Mai wannan magana mace ɗaya gare shi, zamanta a Kano ƙarin bayani ne kawai, shi ya sa aka killace shi da waƙafi biyu. A cire waƙafan: “My wife who lives in Kano is a teacher.” Yanzu ya nuna yana da wata matar a wani gari, ta Kanon yake warewa. Bayanin da yake tantance wanda ake nufi ba a killace shi, wanda yake ƙari ne kawai shi ake killacewa.

Wanda yake ganin wannan ƙaƙale ne ya ji abin da ya faru a jihar Maine ta Amurka. Dokar jihar ta jera ayyukan da ba a biyan kuɗin ƙarin lokaci a kansu, jerin ya ƙare da “packing for shipment or distribution”, ba waƙafi kafin “or”. Kamfanin madara na Oakhurst ya ce abu biyu ake nufi, ɗaure kaya daban, rarraba su daban, saboda haka direbobinsa ba su da haƙƙi. Direbobin suka ce a'a, abu ɗaya ne, ɗaure kaya domin aikawa ko rarrabawa, su kuwa ba ɗaure kaya suke yi ba, tuƙi suke yi. A 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta ce lafazin dokar yana ɗaukar ma'ana biyu, ta karkata ga direbobin. A 2018 aka sasanta a kan dala miliyan 5.

Ɗan waƙafin nan na sama, wanda muke sawa a “sa'a” da “jama'a”, a Turanci aikinsa daban ne. Yana nuna mallaka, “the boy's book” littafin yaro ɗaya, “the boys' book” na yara da yawa. Yana kuma nuna an haɗiye harafi, kamar “don't”. Ba ya yin jam'i, saboda haka “shoe's for sale” da ake gani a allunan shaguna kuskure ne. “It's” gajarcewar “it is” ce ko “it has”, “its” kuwa ta mallaka ce, kuma ko Turawan kansu suna faɗawa wannan rami.

Babban baƙi na farkon jimla ne, da sunayen mutane da garuruwa, da ranaku da watanni da harsuna, da “I” a duk inda ta zo. Ruwa biyu (:) na gabatar da jeri ko bayani. Waƙafi mai ruwa (;) kuwa, wanda bai tabbatar da aikinsa ba ya bar shi, aya za ta wadatar. Kowace alama manne take da kalmar da ta gabace ta, sarari a bayanta yake zuwa.

To wane Turanci ne daidai?

Faransanci yana da majalisar da aka kafa tun 1635 don tsare shi. Turanci ba shi da irinta, shi ya sa ake samun saɓani ko tsakanin masu shi. Ingila na rubuta “colour”, Amurka “color”. A Ingila ana iya cewa “the team are playing”, a Amurka “is” suka fi so. Waƙafin da ya jawo shari'ar Maine ma wasu gidajen jarida suna sa shi, wasu ba sa sawa. Makarantunmu tsarin Ingila suka gada, kuma shawarar da ta fi ita ce a riƙi ɗaya kada a gauraya.

Daga nan wasu suke cewa tunda haka ne, a bar mu da namu Turancin Najeriya. Suna da abin kafa hujja. A Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomin Najeriya 29, ciki har da Kannywood da “okada” da “next tomorrow”, wato jibi. Wasu kuma suna ganin wannan buɗe ƙofar lalaci ne. A ganina kowanne ya kama wani ɓangare. Kalmomi suna shiga suna fita, ba mai hana su, kuma ba abin kunya ba ne harshe ya ɗauki ƙamshin ƙasar da ya sauka. Amma ƙashin bayan jimla, dacewar aikau da aikatau, alamar lokaci, wurin aya, iri ɗaya ne daga Landan har Legas har Accra. Ba ƙamus ɗin da ya halatta “he go” a rubutun hukuma. Turancin buroka kuwa harshe ne mai zaman kansa da nasa nahawun, matsalar tana zuwa ne idan ɗalibi bai san inda ɗaya ya tsaya ɗaya ya fara ba.

Abin da ya shafi talaka

Ba kiredit a Turanci ba shiga jami'a, ko da Hausa ko Larabci mutum zai karanta, kuma a jarrabawar JAMB kowa sai ya yi takardar Turanci. Ɗan mai hali yana makarantar kuɗi, yana jin harshen a gida da talabijin, kunnensa na gyara masa kuskure ko bai san doka ba. Ɗan talaka a aji kawai yake jin sa, wani lokaci daga malamin da shi ma “am coming” yake rubutawa. Shi ne ya fi kowa bukatar a zaunar da shi a bayyana masa dokar ƙarara, da harshen da yake fahimta. Bukatar ma ta haura iyaka, domin a 2025 Nijar ta ayyana Hausa harshen ƙasa, ta sa Turanci da Faransanci a matsayin harsunan aiki.

Masu goyon bayan matakin minista suna cewa yaro sai ya nutse cikin harshe yake iya shi, kuma tunda jarrabawa da Turanci ake yi, gara a fara da wuri. Masu suka suna cewa tsarin 2022 bai ma kankama ba balle a ɗora masa laifi, tunda ba a wadata makarantu da littattafai da malamai ba. Suna kuma tuna gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci yana matsayin darasi a hannun ƙwararren malami, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin kansa.

Abin da nake jin tsoro shi ne malamai su fahimci sabon umarnin a matsayin haramta Hausa a aji ɗungurungum. Malamin da zai ce wa yara “wannan ‘ya’ da kuke ji a ‘Audu ya tafi’ ba ta da 'yar'uwa a Turanci” ya kashe kuskuren “my father he” cikin minti biyar. Wanda aka hana shi faɗin haka zai yi zango guda yana jan layi da jan biro, yaran ba su san dalili ba.

Ɗalibin da jarrabawa ke gabansa kuwa ba sai ya jira an gama muhawara ba. Ya rage tsawon jimlolinsa, domin doguwar jimla ita ce maɓoyar kuskure. Kullum ya rubuta gajeru biyar a kan abin da ya yi jiya, ya karanta su da ƙarfi, ya sa yatsa a kan aikau na kowacce, ya nemo aikataunsa, ya duba ko sun dace kuma ko alamar lokaci na nan, sannan ya tabbata da babban baƙi ta fara, da aya ta ƙare. In mako ya zagayo ya sauya zuwa abin da yakan yi kullum, inda “s” ɗin nan yake jiran sa.